Gungumen Turmin Inna

Wata ranar Laraba da hantsi, a kakar gyaɗa, gab da ƙarshen mulkin Nasara, ina goye da ƙanena Habu a ƙofar gidanmu a Bande, sai ga wata kamyo, babbar motar kaya, tana jan ramok, wato tirela, cike da buhunan gyaɗa. Ta yi tari ta mutu a kan tudun da ke gangarawa rijiyar unguwarmu. Direban ya ce sai an kwance ramok ɗin, a lallaɓa da kan motar zuwa Damagaram wajen gyara. Da aka nemi waigi, guntun iccen da ake tokare ƙafar mota da shi, aka tarar ɗaya ya rage musu, shi ma ya tsufa. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, dutse sai an yi tafiya.

Baba masassaƙi ne. A zaurensa akwai gungumen ƙirya da ya daɗe yana ajiya don ya sassaƙa wa Inna turmi, domin nata ya tsage har tana ɗaure shi da fata. Ya dubi ramok, ya dubi mata a bakin rijiya, ya ɗauko gatari ya raba gungumen biyu, ya fiƙe bakinsu, ya buga su ƙarƙashin ƙafafun baya. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, turmin nawa ne aka ba motar Nasara?" Ya ce, "Yi haƙuri, icce bai ƙare a daji ba."

Ramok ya kwana biyu a nan, har ya zama wurin wasanmu. In mun gama surfe da ɗibar ruwa, a inuwarsa muke carafke, muna tsintar gyaɗar da ke zubowa daga ɓulin buhu. Wata azahar garken shanu ya sauko shan ruwa, suka matsu a jikin ramok suna ture juna. Na ji tsohon waigin nan ya fashe. Ramok ya motsa, ga Habu yana rarrafe daidai gabansa. Na fizgo shi muka faɗi tare, idona a rufe. Da na buɗe, ƙafafun baya sun hau ƙiryar, ta nutse cikin rairayi, ta riƙe.

Inna ta fito a guje ba kallabi. Ta rungume mu, ta daɗe zaune a ƙasa tana kallon iccen. Da direban ya dawo ya ɗaura wa motarsa ramok, ya ciro guntayen zai miƙa wa Baba, sai Inna ta ce, "Tafi da su, ɗana. Akwai wani tudun a gabanka."

Yau kwalta ta ratsa garin, manyan motoci suna wucewa ba su ko rage gudu. Habu ya yi furfura, yana da jikoki, in na ba shi labarin sai ya yi dariya, don bai tuna komai ba. Cikin masu tuna ƙarar fashewar waigin nan, ni kaɗai na rage.