Rana Mai Ƙaya a Bangon Famfonmu

Ni dai makaranta ba ta kore ni ba, ni ma ban kore ta ba, rabuwa muka yi cikin mutunci a aji uku na ƙaramar sakandare. Abu ɗaya na fito da shi, hannuna ya iya zane. Duk shagon da ka gani tsakanin Babban Mutum da Zango an zana kifi ko kwalbar lemo, in kifin ya yi kama da kifi to aikina ne, in ya yi kama da silifas to na wani ne. Da haka nake ci, da haka nake zuba wa babur mai.

Ƙauyenmu yana gaba da Babban Mutum, daf da iyaka, irin wurin da in akuyarka ta tsinke sai ka shiga Nijar kafin ka kamo ta. Wata bazara aka zo haƙa mana rijiyar burtsatse. Mota ta iso da injinta, da leburori, da wani farin mutum gajere mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Muka sa masa Injiniya. Ya daɗe yana haƙa a ƙasar Kano da Katsina, Hausarsa ta kai ya yi ciniki, ta kai ya yi faɗa.

Ranar farko na ce masa sannu da aiki Balarabe. Ya ce shi ba Balarabe ba ne. Na ce to Baturke. Ya dube ni kamar na taka masa tuwo. Ya ce shi Bakurde ne, daga arewacin Siriya. Na ce ita ƙasar Kurdawan ina take, don ni a iya taswirar da na gani kafin mu rabu da makaranta ban ci karo da ita ba. Gurasa yake ci a lokacin. Ya gutsura ta gida huɗu ya jera a kan gwiwa, ya ce wannan Turkiyya ta ɗauka, wannan Siriya, wannan Iraƙi, wannan Iran. Na ce ai ba ku fi mu ba sai da yawan gutsure, mu ma biyu aka yi da mu, kakata ma tana can tsallake. Ya tambaye ni ko a can ana hana ta yin Hausa. Na ce wa ya isa, jandarma ma da Hausa yake tambayar ka takarda. Ya ce to ku gode Allah. Ya haɗa gurasarsa ya cinye ƙasashen huɗu.

Lokacin yaƙin Siriya ya yi zafi, kullum rediyon mai shayi sai ya ambaci mayaƙan Kurdawa. Teburin ya rabu biyu. Wasu suka ce jarumai ne, su suka kori 'yan ta'addan nan masu baƙar tuta, har matansu bindiga suke ɗauka, don haka a ba su ƙasarsu kowa ya huta. Wasu suka ce Turkiyya ma tana da gaskiya, in maƙwabcinka ya raba wa samarin gidansa bindigogi suka zauna a gindin katangarka, kuma rabin danginsu suna cikin gidanka, ai ba ka yi barci ba. Duk masu wannan gardama mafi nisan tafiyarsu Kano ce. Injiniya yana zaune a ƙarshen benci yana shan shayinsa baƙi, bai taɓa sa baki ba. Da yamma sai ya hau saman motar haƙa yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Ashe ƙanensa yana cikin mayaƙan, matarsa da 'ya'yansa mata biyu kuma suna wani gari da ke bakin iyakar Turkiyya.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, da na sani da ba a yi wannan labari ba. Kuɗin rijiyar wata ƙungiyar agaji ta Turkawa ce ta bayar, kamfanin da Injiniya yake wa aiki kwangila kawai ya karɓa, kuma yawancin aikinsa daga hannunsu yake fitowa. Takardar zaman Injiniya a ƙasar nan kuwa a jikin aikin take rataye. Shi ya sa a gaban manyansa ɗan Siriya ne kawai, ba ƙari. Mu samari ba wanda ya gaya mana. Mun ga wanda ya yi gumi, muka ce rijiyar Injiniya.

Da ruwa ya fito aka ɗora tanki, aka gina bango mai kawunan famfo shida. Injiniya ya wuce wani aikin a ƙasar Sandamu, ya ce zai dawo ranar buɗewa ya gwada injin. Mai Unguwa ya kira ni. Ya ce al'ada ce yanzu, duk ƙauyen da aka yi wa rijiya sai ya zana tutar ƙasarmu da ta waɗanda suka yi aikin a bangon famfo, don a gaban bangon ake ɗaukar hoto a kai musu can. Ya ce kar in ba shi kunya. Na ce ranka ya daɗe an gama.

Ban tambaye shi wace tuta ba, don a ganina na riga kowa sani. Wata rana tun ana haƙa na hau gaban motar haƙa ina jin daɗin kujera, na jawo abin kare rana, sai wani ɗan ƙyalle ya faɗo. Ja a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, ga rana ruwan ɗorawa a tsakiyar farin da tsinaye kewaye da ita. Injiniya ya ce tasu ce, ya ninke ya mayar. Kafin ya ninke na ɗauke ta a waya, don ni duk abu mai launi ba ya wuce ni.

Na hau babur na tafi Zango sayen fenti wurin Oga, wani ɗan Ibo da ya fi ni shekaru a garin. Na nuna masa hoton don ya zaɓo mini ruwan ɗorawa mai kyau. Ya daɗe yana kallo. Ya ce babansa ma yana da wani ƙyalle mai rabin rana na zamanin yaƙin basasa a ƙasan akwati, har ya mutu bai taɓa shanya shi a waje ba.

"Abokina, tutar mutanen da ba su da ƙasa ba a zana ta a bango," in ji shi.

Na ce Oga kai dai sayar da fenti, wa'azi muna da masu yi. Ya ce shi ke nan. Ya ba ni ja da kore da ruwan ɗorawa, da wani farin da ya rantse daga Legas ya zo.

Kwana biyu na yi a kan bangon nan. Tamu ba ta da wuya, kore fari kore, ko makaho ya yi. Ta Injiniya ce na zauna wa. Tsinayen ranar nan ashirin da ɗaya ne, na ƙirga a hoto, na auna kowanne da tsinken tsintsiya. Mai Unguwa ya zo dubawa, idonsa da ma sai a hankali, ya ce madalla, ranar ta yi kyau. Ni kuwa ina ta hango yadda Injiniya zai rungume ni, ƙila ma ya bar mini tabaransa.

Ranar buɗewa Injiniya ya iso da hantsi. Baƙi sai bayan la'asar. Na tare shi na ce ya rufe ido, ya ce shi ba yaro ba ne, na ja shi dai har gaban bangon. Ya tsaya. Ya matsa ya sa yatsa yana bin tsinayen ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya kife wani bokiti ya zauna a kai. Na jira rungumar, ba ta zo ba.

Ya tambaye ni ko na san su wa za su zo yau. Na ce mutanenku. Ya ce Turkawa ne, da mai hotonsu. A nan ya warware mini duk abin da na faɗa muku ɗazu. Ya ce shi wanda zai zo ɗin ƙila mutumin kirki ne, amma hoto ba a hannunsa yake tsayawa ba, ofishinsu na can za shi, kuma a wannan lokaci da ake harbe-harbe a iyakarsu ba wanda zai yarda cewa wani mai zanen kifi ne ya yi gaban kansa.

"In hoton nan ya tafi, gobe ba ni da aiki," ya ce. "Ba aiki, ba takarda. Ba takarda, sai jirgi. In koma in ci da iyalina da me?"

Na duba gwangwanayena. Farin Oga saura ɗan kaɗan a gindi, ba zai rufe rabin jan ba, kuma zuwa Zango da dawowa da jiran bushewa ya fi ƙarfin lokacin da ya rage. Na ce ko in shafe duka da kore. Bai ɗago ba, ya ce in yi duk yadda na ga dama. Na tsoma buroshi na tsaya, na rasa ta inda zan fara.

Ana haka sai ga amalanken shanu daga tsallake, jarkoki sun yi goma, kakata ta wajen uwa a zaune a kai kamar hajiya a gidan gaba. Ta ji za a buɗe famfo, ta zo kama layi tun rana ba ta yi ba. Ta sauko tana dogara sanda, ta ƙare wa bangon kallo.

"Angona, wane mara ido ne ya zana tutarmu haka?"

Na ce tsohuwa ba taku ba ce, ki je ki zauna.

"Ba tamu ba ta wa? Kore a ƙasa, fari a tsakiya, rana a ciki. Shekara nawa ina ganin ta a ƙofar makarantar garinmu. Saman nan ruwan goro ne, ba jan jini ba. Kuma ranarmu ba ta da ƙaya. Da ma an ce ba ka gama makaranta ba."

Na dubi bangon, na dubi Injiniya. Shi ma ya ɗago yana kallon tsohuwar. Sai na juye sauran ja a cikin ruwan ɗorawa, na dama da kara. Ta leƙa ta ce ƙara ɗorawa. Na ƙara. Ta ce yauwa, kamar ita ta biya kuɗin fentin.

Na bi saman da ruwan goro, na cike ƙwallon ranar da shi. Saura tsinaye. Na ɗauko ɗan farin da ya rage, sai Injiniya ya miƙo hannu ya ce in ba shi buroshin. Shi ya rufe su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ni ina riƙe da gwangwani. Kakata tana ta yi masa gyara, nan ka bari, can bai rufu ba. Yana cewa to Hajiya. Farin ya ƙare daidai kan na ƙarshe. Zafin bazara ya yi mana sauran aikin.

Bayan la'asar baƙi suka iso da mota biyu. Ashe ma da tutarsu suke tafe, jan ƙyalle mai wata da tauraro, suka rataye a jikin tanki. Babbansu, wani dattijo mai fara'a, ya nuna bangon ya tambaya ta bakin tafinta me ya kawo tutar Nijar nan. Mai Unguwa ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Ba wanda ya gaya masa an canza komai, amma ba a banza ya daɗe a kan buzu ba. Ya juyo ya ce rabin jarkokin da ke layin nan daga tsallake suka zo, dangi ne, kuma ƙishirwa ba ta nuna takarda a iyaka. Dattijon ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka rubuta. Aka yi hoto. Kakata tana gaba da jarkarta, Injiniya yana can gefe ya ɓoye hannunsa mai fenti a aljihu.

Da suka tafi Mai Unguwa ya kama kunnena ya ce shi ya san ranar da ya gani jiya tana da tsinaye. Na ce ranka ya daɗe ido ne. Ya ce idon nasa ko nawa. Ya sake ni dai, don ruwa yana zuba kuma ba a ji kunya ba.

Injiniya bai rungume ni ba, tabarau ma bai ba ni ba. Da zai hau mota ya ce in na ƙara yi masa irin wannan alheri zai haƙa rijiya ya jefa ni. Ya ci gaba da aikinsa, na ji labarinsa a Sandamu, daga baya a wajen Daura.

Bayan damina biyu sun wuce kan bangon, farin Oga na Legas ya fara nuna halinsa. Tsinayen nan suka riƙa leƙowa ta ƙarƙashi, dishi-dishi, sai ka matsa za ka gani. Na ɗauka a waya na tura wa Injiniya. Ya aiko da murya, injin yana ƙara a bayansa, ya ce yana nan a bakin aiki, iyali lafiya, ƙanen ma ya kira shi. Ya ce kuma in gaya wa Oga fentinsa na jabu ne, Allah ya yi masa albarka.

Kakata ta lura, ta ce ƙayar ta sake tsirowa, in zo in gyara musu tuta. Na ce fari ya yi tsada. Duk zuwanta ɗiban ruwa sai ta tuna mini, ni kuma in ce mata sai kasuwar Zango mai zuwa.