Hasiya Mai Murhun Gwamnati

Haihuwa da Aure

An haifi Hasiya a Matankari cikin shekarar 1921, ɗiyar Ɗantala manomi da Ladidi mai saƙar tabarma. Ba ta shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya hore mata harshe mai kwance ƙulli. A 1938 aka ɗaura mata aure da Illo mai jakai.

Ƙaura

A 1961, ƙasa na cikin zumuɗin 'yancin kai, jama'a na kwarara Dogon Dutsi, Hasiya da Illo su ma suka bi sahu. Ɗakin haya ya gagare su, sai Hasiya ta kafa bukkar kara a wani fako bayan gari. Kafin a jima baƙi sun kewaye ta da bukkoki, ita ce mai nuna wa kowa mazauninsa.

Shekarar Borni

A 1964 masu awon fili suka kakkafa borni a wurin, wato duwatsun siminti na iyakar fegi, domin a raba wa ma'aikata. Matan unguwa, waɗanda murhun hoge mai farfashewa ya ishe su, suka ga duwatsu kai ɗaya, sumul, suka ce ai alherin 'yancin kai ne ya iso. Kowace ta tumɓuke uku ta kafa murhu.

Kumandan, mai mulkin yankin, ya zo da niyyar rushe unguwar, ya tarar da duwatsunsa baƙi ƙirin ƙarƙashin tukwane. Cikin fushi ya bayyana musu cewa inda borni yake, nan ne fegin da hukuma ta amince da shi. Hasiya ta durƙusa.

"To mun gode, ranka shi daɗe. Kowane gida nan uku gare shi."

Dariya ta ci ƙarfinsa. Bai rushe ba, amma ya kafa sharaɗi: bukka kawai, kada wanda ya aza tubali, domin wata rana za a tashe su.

Rasuwa

Haka ta rayu, kowace damina tana gyaran jinka, ranta na begen ɗakin ƙasa. Allah ya karɓi abinsa a 1972, aka yi mata sutura a maƙabartar gari. Ta bar mijinta Illo da 'ya'ya uku: Rabo, Mani da Balki.

Ranar sadakar bakwai dattawa suka ce a ci gaba da lallaɓa hukuma. Balki ta miƙe, idonta jawur.

"Baba, inna ta cika cikin bukka tana jiran izini. Mu kam mun gama jira. Gobe a kwaɓa ƙasa, gini za mu yi."