Ranar da Aka Kama Inna Tana Kallona

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma ana yabon mace a kanta. Sai dai yawancin mata suna sassautawa idan yaro ya girma, su riƙa satar magana da shi idan ba kowa. Inna ba ta taɓa sassautawa ba. A garinmu Furfuri idan ana so a koya wa mace alkunya, da ita ake misali. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Tsafe, don haka idan dole ta sa ta ambace ni, sai ta ce "ɗan Tsahe". Da na girma na sayi jakuna na koma Gusau, sai na zama "mai jakkai". Sunana na yanka ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Kowa yana ce mini al'ada ce, ni ma na sani. Amma abin yana cina a rai. Ina ganin yadda take tsefe wa ƙanwata kai, tana yi mata faɗa, tana ajiye mata ƙanzo. Ni ko faɗan ban samu ba. Har na yi gemu ban daina tambayar kaina ba, shin a bayan kunyar nan akwai wani abu, ko kuwa wayam ne.

A shekarun da ake aikin diga, wato shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga wajen Tsafe zuwa Gusau, ni ke kai ruwa da itace sansanin ma'aikata. A can na san wani akawu, mutumin kudu, siriri mai fara'a, Hausarsa a karkace amma ba ya jin nauyin yin ta. Yana da wani ɗan akwatin ɗaukar hoto da yake ninkewa ya shige aljihun kwat ɗinsa. Mu hoton da muka sani a labari na Turawa ne, babban akwati mai ƙafafu, mutum ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, a jera manya a ce kada su motsa. Na akawu ba haka yake ba. Sai ya buɗe shi, ya riƙe daidai cibiyarsa, ya sunkuyar da kai yana leƙa wani ɗan gilashi da ke samansa. Duk wanda ya gan shi a kasuwa sai ya ɗauka ciwon ciki ne ya murɗe shi. Mahauta har tausaya masa suke yi, suna cewa ya nemi saiwar sabara ya jiƙa. Babu wanda ya san a sunkuyen nan yake kwashe mutanen Gusau ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa tambayarsa me ya hana shi gaya wa mutane. Ya ce idan ka gaya wa mutum, sai ya gyara tsayuwa ya ba ka fuskar da ya ga dama, shi kuwa fuskar da mutum yake yawo da ita yake so. Na ce a raina, wannan aiki ne bai ishe shi ba.

Daminar shekarar nan kurkunu ya fito mini a ƙafar hagu. Wanda bai taɓa yi ba, ba zai gane ba. Kullum sai an naɗe kan tsutsar a tsinke an ja kaɗan, idan ta tsinke a ciki ka shiga uku. Haka nake bin jakuna ina ɗingishi, da tsumma a ƙafa.

Inna kuwa ta tsufa, ta kai shekarun da mace take fita kasuwa. Ranar kasuwar Gusau takan taho da daddawa tun daga Furfuri, ta zauna cikin tsofaffi 'yan'uwanta a gindin wata ceɗiya. Ni kuma ban taɓa fashin zuwa gaishe ta ba. Sai in durƙusa nesa kaɗan in yi gaisuwa, ita kuma ta kawar da kai ta dubi maƙwabciyarta mai sayar da kuka ta ce, "A ce mishi lahiya lau." Shi ke nan, sai in tashi. Na raina wannan 'yar gaisuwa a lokacin, ban san ita ce duk abin da nake da shi ba.

Ranar da nake ba da labari na durƙusa da ƙyar saboda ƙafar ta kumbura. Na yi zaton ko yau za ta dubi tsumman, ko ta ce wa mai kuka a yi mini sannu. Ba ta yi ba. Na miƙe raina a ɓace, na kora jakunana, har na doki na baya ba da laifinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki na kai ruwa sansani da tsakar rana, na tarar da akawu ya shanya hotuna a kan tabarma, ya danne gefensu da tsakuwa. Ga mahauci da wuƙa a baki yana ɗaure wando, ga wata Bafulatana tana faɗa da mai sayen nono, ga makaho yana dariya shi kaɗai. Ina ta dariya ni ma, sai ya zaro wani ya miƙo mini, ya ce, "Kai ne wannan."

Bayana ne. Na gane rigata da jakin nan mai yankakken kunne. Na ba da baya ina tafiya, kafaɗa ɗaya ta karkace saboda ɗingishi. A gefe kuwa, gindin ceɗiya, ga Inna. Ta ɗan taso daga zaune kamar za ta miƙe. Idonta yana kan ƙafata. Hannunta na dama ya bar faifan daddawa ya yi sama kaɗan, bakinta a buɗe, fuskarta duk ta yamutse irin ta wanda ake cire wa ƙaya. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba, don ba a taɓa nuna mini ita ba. Ashe da zarar na juya haka take yi.

Na zauna a ƙasa. Akawu ya ce in riƙe, nawa ne. Na naɗe shi a ƙyalle na sa cikin hulata. Kwanakin da suka biyo baya ban san ina ɗingishi ba. Idan na kai jakuna gulbi shan ruwa sai in cire hula in sake dubawa, ina kallon hannun nan da ya tashi.

Kasuwar da ta zagayo na nufi gindin ceɗiya da ɗokina, sai na hango taron mata. Akawu ne a tsakiya, ya durƙusa da ladabi, ya miƙa wa Inna wani hoton da hannu biyu. Ina jin muryarsa tun daga nesa, don shi ba ya magana a hankali.

Ya ce, "Mama, kyauta na kawo miki. Duba yadda kike son ɗanki. Shi ma na ba shi nasa."

Kafin ta gane abin da ke faruwa mai kuka ta karɓe, ta kai shi kusa da ido, ta kwashe da dariya.

Ta ce, "Ashe haka kika yi in ya ba da baya? Ku zo ku ga mai kunyar Hurhuri, an kama ta."

Hoto ya bi hannu. Ba mugunta suka yi niyya ba, tsokana ce ta tsofaffi. Amma Inna ba ta da gona mai yawa, ba ta da shanu, ba ta da wani abin da ake ambatonta da shi sai wannan kunyar, kuma duk rayuwarta ta yi tana tsaron ta. Na ga ta ja zane ta rufe fuska har haɓa. Ta miƙe, ta ratsa ta cikin masu tukwane ta kama hanyar Bungudu, ta nufi gida. Daddawarta tana nan a faifai, ni na kwashe ta.

Ba ta zo kasuwar gaba ba, ba ta zo ta gaban wannan ba. Labari ya riga ta isa Furfuri, mata suna yi a bakin rijiya. Daga baya ƙanwata ta zo Gusau, ta bi matan nan ta karɓo hoton da aka ba Inna, sannan ta same ni a gida.

Ta ce, "Inna ta ce a hwaɗa ma mai jakkai ya kawo nashi. Ta ce kuma abin da aka haihuwar su da shi, shi ma a kawo. Yaya, ba ta cin abinci. Ko ƙohwar gida ba ta leƙawa."

Lokacin an mayar da akawu sansanin Tsafe, sai na bi shi can. A hanya na shirya maganganun da zan gaya masa, masu zafi ƙwarai. Da na faɗa masa abin da ya jawo, sai ya riƙe kai. Can ya ce a garinsu da uwa za ta rataye hoton a ɗaki ta kira maƙwabta su gani. Na kasa zaginsa. Shi ya kunyata uwata a bainar jama'a, shi ne kuma mutum ɗaya a duniya da ya nuna mini ita. Da na isar da saƙon Inna, ya buɗe wani gwangwani ya fito da wata 'yar leda mai duhu, ya yanke guntun da almakashi. Na ɗaga ta a rana, na ga komai a juye, fuskar Inna fara fat, farin ɗankwalinta baƙi. Ya ce daga wannan ake buga sauran.

Sannan ya ce, "Bari in buga maka wani kafin ka tafi. Ka ɓoye, ba za ta sani ba."

Wallahi raina ya so. Na tsaya ina juya maganar har inuwa ta karkata. Amma na san ƙanwata za ta tambaye ni ko shi ke nan, a gaban Inna, kuma da amsar da zan bayar Inna za ta ci abinci ko ta ƙi. Na ce masa a'a. A hanyar dawowa na zauna gindin dutsen Kwatarkwashi na fito da nawa, na kalle shi har idona ya yi zafi, ina ƙoƙarin haddace shi yadda ake haddace karatu.

Na isa Furfuri da la'asar. Inna tana tsakar gida tana dafa kalwa a babbar tukunya, ta ba ni baya. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na durƙusa bakin zana na miƙa wa ƙanwata ƙullin, ita ta miƙa mata. Ledar ta fara sakawa a murhu, ta kama da wuta bal har Inna ta ja da baya. Sai ta ɗauki hoton da aka ba ta a kasuwa ta kife shi a kan garwashi ba tare da ta duba ba. Nawa ne na ƙarshe. Ya yi laushi saboda zama a hula, gefensa ya ɗauki zufa ya yi ja. Ta ɗan riƙe shi a kife, yatsanta yana shafa wurin zufar, sannan ta tura shi. Ina kallo ya naɗe ya yi baƙi.

Ta gyara itace, ta ɗauki muciya ta juya kalwa. Sannan, tana fuskantar tukunya, ta yi magana ƙasa ƙasa.

Ta ce, "Ƙahwat ta warke?"

Ƙanwata ta juyo za ta maimaita mini kamar yadda aka saba, sai ta tsaya da baki a buɗe, don Inna ba ta ce "a tambaye shi" ba. Ni aka tambaya.

Na ce, "Ta warke, Inna." Alhali tsumman yana nan a ɗaure.

Ta ce, "Ka bar shiga gulbi da ita."

Iyakar hirar da na taɓa yi da mahaifiyata ke nan. Ta koma cin abinci, amma ba ta ƙara taka kasuwar Gusau ba, kuma idan na je Furfuri sai ta shige ɗaki tun kafin in gama sallama, ta fi da tsanani. Gaisuwar gindin ceɗiya ta ƙare. Kafin jirgin ƙasa ya fara shigowa Gusau Allah ya yi mata rasuwa.

Har yau ban san ko in yi wa akawun nan addu'a ko in yi Allah ya isa ba, nakan yi duka biyun a rana ɗaya. Abin da yake damuna yanzu shi ne haddar ta fara zubewa. Fuskar ta ɓace mini, ceɗiyar ma an sare ta tuni. Idan na rufe ido, jakin nan mai yankakken kunne nake gani sarai, shi da ba shi da amfani. Daga Inna kuwa hannun ne kaɗai ya rage mini, ya bar faifai ya tashi sama kaɗan.