Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfuta

Maigidana akawu ne a wata ma'aikata a Gusau daga Litinin zuwa Juma'a, amma abin da gari ya san shi da shi shi ne sa kiɗa a gidan biki. Yana da manyan sifika biyu da janareta da kwali uku na kaset, kuma ya san kowane kaset kamar yadda na san tukwanena. Ciwon kaset ɗaya ne, jira. Mata na tsakiyar rawa waƙa ta ƙare, sai ya tsaya yana murza wani da biro yana neman waƙar da uwar amarya ta ce a sa, su kuwa sun riƙe ƙugu suna harararsa. Wannan jiran ya tsana, shi ne kuma ya kai mu ga kwamfuta, shekara biyu ko uku bayan an ba mu jiha.

Wanda ya haɗa masa ita abokinsa ne tun na firamare. Kirista ne, iyayensa daga kudu suka zo aikin jirgin ƙasa, amma a Gusau aka haife shi, bakinsa ya fi nawa Zamfaranci. Baban Tagwaye muke ce masa. Shagon gyaran rediyo da talabijin ke gare shi kusa da kasuwa, kuma ba shi da wani jari da ya wuce amana. Mutumin Mada zai ajiye masa rediyo ya tafi wata biyu, ya dawo ya tarar ba a zare masa ko kusa ɗaya ba. Ranar da na haifi 'yata ta fari, shi ya ɗauko unguwarzoma a babur ɗinsa. Da Kirsimeti shinkafarsu na zuwa gidanmu, da Layya namanmu na zuwa nasu.

A gutsure kayan kwamfutar suka zo daga Kano, kowane a ledarsa. Sati biyu su biyun suna duƙe a shago bayan an tashi aiki, har suka tayar da ita, suka zuba mata waƙoƙi da wata manhaja mai haɗa ƙarshen waƙa da farkon wata ba tare da an ji gaɓa ba. Ranar da aka kawo ta gida maigidana ya kunna ta a ɗakina, ya harɗe hannu yana kallona, waƙa na shiga cikin waƙa. Na yi guɗa. Da aka kashe na ɗauko rufin ulu da na saƙa, irin wanda kowace macen kirki ke lulluɓe rediyonta da shi, na rufa wa akwatin. Abu mai daraja ba a barinsa tsirara, haka aka koya mana.

Bikin farko a Bungudu ne, cikin bazara, bikin 'yar ƙanwar surukata. An fara da la'asar, rana na dukan rumfa. Akwatin na kan tebur da rufina a kansa, ina ta satar kallonsa ina jin daɗi. An yi kusan awa guda, sai waƙa ta maƙale a kan kalma ɗaya tana ta maimaitawa, sannan shiru, gilashin kwamfutar ya koma shuɗi. Maigidana ya kashe ya kunna, ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake daskarewa. Allah ya taimaka ya taho da kwali ɗaya na kaset, da shi aka ƙarasa. Mata suka yi ta tsokanarsa, wai injin ɗin Bature ya ga rawar Zamfara ya suma.

Washegari aka mai da ita shago. Kafin a fita da ita na cire rufina, don shagon nan duk baƙin mai ne da gubar dalma. Baban Tagwaye ya buɗe gefen akwatin, ya kunna ta ƙarƙashin fankar silin, ta yi kiɗa daga safe har aka kira magariba, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Duk da haka ya goge manhajar ya sake zubawa. Sati na gaba ta daskare a wani suna. Ya ce ko janareta ne, aka sayo sitabilaiza mai daidaita wuta. Ta daskare. Ya zare memorin ya sa na kwamfutarsa ta kansa, ya canza wayoyi, ya cire waƙoƙin da yake zargi ɗaya bayan ɗaya. A shago lafiya lau, a gidan biki kunya. Kullum kuma ni ce ke tuɓe mata rufi in za ta shago, in mayar mata in ta dawo.

Ana haka Inna, surukata, ta zo daga Kekun Waje. Ta saurari labarin duka tana ɓare gyaɗa, sannan ta dubi ɗanta.

"Kai da karatunka, wanga ma sai an hwaɗa maka? Kambun baka na. Kun kai abu tsakag gari kowa na zuba mishi ido. Can shago wa ag ganin ta? Ku ruhe ta ruf, kak ku bari ko kusurwa ta hito."

Maganar ta shige ni sosai, don ta yi daidai da abin da muke gani: inda ba idon jama'a tana lafiya, inda taro yake tana faɗuwa. Maigidana ya yi dariya, amma bai hana ba. Ni kuwa na samu abin yi. Na yanka sabon bargo, na yi masa shafi da atamfa ciki da waje, na cusa auduga a tsakani don ko an buge ta a mota kada ta ji. Na ɗinka shi daidai jikin akwatin, ya kama ta tsam. A baya na bar 'yan ƙananan ƙofofi na wayoyi, kowace da maɓalli. Ramukan nan na gefe da na baya, waɗanda iska ke fita ta cikinsu, na toshe su duka, don ina ganin ta nan ƙura da ƙwari ke shiga. Da aka kunna ta cikin sabuwar riga har gurnanin fankarta ya ragu, na kira maigidana na ce ya ji yadda na kwantar mata da hankali.

Akwai rana ɗaya da ba na son tunawa. Baban Tagwaye ya biyo ta gida da hantsi, maigidana ba ya nan, muka gaisa a zaure. Ya rame, don abin ya dame shi fiye da mu. Ya ce, "Uwargida, don Allah in tambaye ki. Ina kuke aje ta in ta zo gida? Tana samun iska kuwa?"

Ni da zuciyata kamar ashana, sai na ji kamar cewa yake ɗakina ƙazanta ne ko kurkuku. Na ce, "Baban Tagwaye, ko ƙuda bai taɓa sauka kanta ba. Ka nemi laifin can wurin aikinku, ba ɗakina ba." Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya hau babur ya tafi. Akwatin na ciki, taku goma daga inda yake tsaye, sanye da bargona. Da na ce masa shigo ka gani, da magana ta ƙare a ranar.

Sai bikin Tsafe, na 'yar shugaban ofishinsu maigidana. Kwana uku kafin nan kwamfutar ta wuni a shago tana kiɗa, Baban Tagwaye ya ce in dai ba wani ikon Allah ba, wannan karon ta zauna. Maigidana ya yarda da shi har ya bar kaset a gida. Na tafi tare da matan ma'aikata. An fito da amarya ke nan, ƙawayenta sun jeru, ko minti ashirin ba a yi ba ta daskare. Ya kunna, ta mutu. Ya sake kunnawa, ko gilashin bai kawo ba. Ina hango shi durƙushe bayan tebur, gumi ya jiƙe masa babbar riga, manyan ofishinsu na zaune suna kallo. A ƙarshe aka aika cikin gari aka ɗauko masu kalangu. Cikin dare muka dawo Gusau.

Da safe ya sa aka ɗora akwatin a baro, bayan na tuɓe rigar kamar kullum. Ban je ba, amma kafin azahar labari ya riga shi dawowa. A bakin shago ya tsaya, daidai lokacin da kasuwa ke ci, ya ɗaga murya ya ce Baban Tagwaye ya ci amanarsa, ya ɓoye sababbin kayan ya haɗa masa da ruɓaɓɓu. Ya kira shi macuci a gaban masu jiran rediyonsu. Aka ce Baban Tagwaye bai rama ba. Ya dai ce, "Ni ka ce ma haka?" Sau biyu ya faɗa, ya koma ciki.

Gari ƙarami ne, kuma mai gyara da sunansa yake ci. Mutane suka fara zuwa suna karɓe kayansu ba a gyara ba. Wanda talabijin ɗinsa ya lalace shekara biyu da suka wuce ma ya tuno cewa a can aka taɓa buɗe shi. Ni ma na sa baki a gidajen suna, ban ɓoye ba, na ce ai ni tun ranar da ya zo yana min tambayoyin rainin wayo na gane shi. Kirsimeti ta zo, shinkafa ba ta zo ba. Bayan nan muka ji ya kwashe iyalinsa sun koma garin iyayensa, garin da shi kansa sau biyu ya taɓa zuwa.

Kwamfutar ta zauna a kusurwar ɗakina wata da watanni, maigidana ya koma kaset. Wata Asabar na ga rigar ta yi datti, na cire na wanke na shanya. Yana zaune ba aikin yi, sai ya jona ta, ina jin don ya ƙara tabbatar wa kansa ne. Ta tashi. Na gama wanke-wanke tana kiɗa. Na ɗora tuwo na sauke tana kiɗa. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ya kai tafin hannunsa bayan akwatin, ya ji iska mai zafi na hurowa ta ramukan nan, ya daɗe a haka. Sannan ya fita tsakar gida, ya ciro rigar daga igiya, ta riga ta bushe, ya sa mata ya ɓalle maɓallan. Muka zauna muna kallonta, ni da shi. Waƙa ta huɗu ba ta kai ƙarshe ba.

Na so ya zage ni, wallahi na so. Bai yi ba, don ya san bakin da ya yi ɓarnar a kasuwa nasa ne. Ni kuma na faɗa masa tambayar da aka yi min a zaure da amsar da na bayar. Ya sa takalmi ya fita. Shagon ya zama na mai sayar da buhunan taki. Ya bi maƙwabta, ya je cocinsu ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya, aka ba shi sunan gari kawai, ba unguwa ba lamba. Wasiƙa uku ya rubuta, ni na ga ya rubuta su, ba wadda aka amsa.

Ya koma bakin kasuwar ya faɗa wa duk wanda zai saurara cewa shi ya yi kuskure, mutumin nan bai ci amanar kowa ba. Mutane suka ce Allah sarki, suka ci gaba da cinikinsu. Zagin dai kowa ya riƙe shi, gyaran maganar kuwa ba wanda ya kai shi gida.

Kwamfutar ta yi shekara shida tana aiki tsirara, ba ta sake ba shi kunya ba ko sau ɗaya. Bai taɓa jin daɗinta ba. Duk bikin da aka tashi lafiya, sai ya dawo ya zauna a zaure ya ce, "Ashe aikinsa mai kyau ne." Har ya rasu yana faɗin haka, kuma Baban Tagwaye bai taɓa ji ba.