Ranar da Saba Ta Daina Amsa Sallama

Ni a aji uku na tsaya a sakandare, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Mahaifina ya kwanta ciwo, shagon ɗinkinsa na Shahuci ya rasa mai zama, aka ce ai ni ne babba. Daga ɗinki na koma buga takardu a wani shagon kwamfuta, a can na koyi kwance ta da ɗaura ta, har wata makarantar kuɗi da ke cikin gari ta wajen Ƙofar Kabuga ta ɗauke ni aiki. Shekara tara ina nan. Duk wanda ya zo da digiri a ba shi ofis har da labule, ni kuwa teburina a lungun baranda, kowa ya wuce ya ajiye mini wayarsa in duba masa.

Hajiya mai makarantar ba muguwa ba ce, amma tana da ɗan ƙane da ya gama digirin kwamfuta yana zaune a gida, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Sau biyu tana ce mini, "Malam, duk ranar da abin nan ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, kada ka ji kunya, akwai mai hannu a gida." Na gane karatun.

Abin nan da take faɗa shi ne shafin sakamako. Wata malamar lissafi da muka yi aiki tare ita ta gina shi, iyaye su shiga da waya su ga makin 'ya'yansu. Shafin yana zaune ne a saba, wato wata kwamfuta a wata ƙasa da babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. In za ka shiga cikinta sai ka buɗe baƙin allo a laftof ka rubuta layi ɗaya, hanyar ana ce mata SSH. Akwai makulli, ɗan fayil ne, rabinsa yana wajen saba, rabi yana cikin laftof ɗinka. In suka dace a buɗe maka ba tambaya. Malamar ta koya mini wannan da haƙuri, ta rubuta mini matakan a littafi mai bango ja, sannan aure ya kai ta Abuja. A lokacin da abin nan ya faru ta tafi Umara, wayarta a kashe.

Ƙarshen zango ne. Hajiya ta riga ta tura wa iyaye saƙo cewa ranar Alhamis bayan la'asar kowa zai ga sakamako. Aikina kaɗan ne: in shiga saba, in jawo gyaran ƙarshe da malamar ta ajiye a rumbun da ake tara rubutun shafin, in loda maki. Na yi shi ya fi sau goma. Abu ɗaya ne ya canza. Tsohon laftof ɗin ya mutu a makon da ya wuce, batirinsa ya kumbura har ya ɗaga madannai, aka sayo sabo. Ni na saita shi da hannuna, na kwaso makullin da filas, ɗan abin nan na kwafar fayil, na zuba a ciki.

Ranar Alhamis ɗin, ƙarfe tara na safe na zauna, na yi bismilla, na rubuta layin. Sai wani dogon Turanci ya zubo, an kewaye shi da alamomi kamar zanen bakin zane, a ƙasansa kuma saba tana tambayata kalmar sirri. Ba ta taɓa tambayata ba. Ni kuma ga halina: dogon Turanci in ya zubo, idona tsallake shi yake yi ya tafi layin ƙarshe. Kalmar sirrin ban san ta ba, malamar ta ce mai makulli ba ya buƙatarta. Amma na ce bari in gwada. Na sa sunan makaranta, aka ce an hana. Na sa sunan malamar, an hana. Na sa sunan ɗanta na fari. Na haɗa biyun. Na biyar ban ma tuna abin da na sa ba.

Da na sake rubuta layin sai shiru. Ba a ce an hana ba, ba a ce an yarda ba. Ɗan ɗigon da ke kan allon yana ta ƙyafta ido, can bayan wani lokaci ta ce lokaci ya ƙare, ba a samu kowa ba.

Kuskurena na biyu shi ne tsaki da na yi da ƙarfi. A cikin garin nan ba a ganin mutum yana fama da abu a wuce. Mota ta ƙi tashi a Shahuci, kafin ka buɗe gabanta mutum shida sun taru, biyu ba su taɓa riƙe sitiyari ba, amma kowa sai ya murɗa makullin da hannunsa. Ƙauna ce, ban musa ba. Ita ce ta kusa cinye mini aiki.

Mataimakin shugaba ne ya fara zuwa, mai digiri biyu, yana kirana Injiniya, kuma shi da ni duk mun san ba girmamawa ba ce.

"Injiniya, yau kuma wane aljani ne ya shiga?"

"Saba ce ba ta amsawa, ranka ya daɗe."

"Matsa in gani. Ai mun yi kwas ɗin kwamfuta a jami'a."

"Ranka ya daɗe, ba irin wannan ba ne."

"Kwamfuta ai kwamfuta ce. Matsa."

Na matsa. Ya zaro biro ya kwafe layin a bayan takardar jarrabawa, ya danna, ya jira, ya ce netwok ne, ya tafi. Malamin Larabci ya zo ya ce hannunsa na da sa'a, ko injin wuta in ya ƙi tashi shi ake kira. Ya yi addu'a ya tofa a gefe ya danna. Maigadi ya leƙo daga ƙofa ya ce a gwada lambar motar Hajiya, shi a saninsa masu kuɗi da ita suke rufe komai.

Wajen ƙarfe goma saba ta farfaɗo, ta sake tambayar kalmar sirri. Kafin in ce uffan malamin Larabci ya sa tasa, wani malamin ya sa lambar motar, na uku ya miƙo hannu ta saman kafaɗata, na huɗu da na biyar suka bi baya. Sai ta sake yin shiru.

Daga nan ban ƙara jin muryarta ba. Sha ɗaya shiru. Sha biyu shiru. Na kashe wayfay na kunna, na duba ko data ta ƙare, ba ta ƙare ba. Na buɗe shafin sakamakon kansa a wayata, ga shi nan lafiya lau da makin zangon da ya wuce. Wato saba tana raye, ni ne ba ta so.

Ana kiran azahar Hajiya ta fito, jaka a hannu.

"Malam, ina muka kwana?"

"Ana kai, Hajiya."

"Ana kai tun safe. Na yi wa iyaye alkawari, kuma ka san iyayen cikin gari, ba waya za su yi ba, da ƙafa za su zo. In aka yi ƙarfe uku ba ka shiga ba, zan kira yaron nan ya zo. In ya zo kuma, to, ka san sauran."

Na ce na sani.

A masallaci, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana kan baƙin allo. Amma a can ne aka bar ni ni kaɗai na yi tunani. Da safe ta ce an hana, wato ta ji sallamata ta ƙi buɗewa. Yanzu kuwa ko sallamar ba ta amsawa. Waɗannan cuta biyu ce daban, ni kuma ina ta ba su magani ɗaya.

Na dawo na ɗauko jan littafi, na buɗe shafukan baya da ban taɓa kaiwa ba saboda na ɗauka na haddace aikin. Ga shi da rubutun malamar: ta sa wa saba mai tsaro. Duk adireshin da aka yi kuskure sau biyar daga gare shi, a toshe shi na rabin awa. Makarantar kuwa gaba ɗayanta wayfay ɗaya ne, adireshi ɗaya. Ni da malamin Larabci da mai lambar mota, a wajen saba ɓarawo ɗaya ne mai naci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun sha ɗaya na hana kowa taɓa laftof ɗin, har ƙarƙashin hammata na tafi da shi masallaci, amma rabin awar ta ƙi ƙarewa.

Na bar wannan tukuna, na koma kan cutar farko. Na ja allon sama har na iso dogon Turancin safe. Na karanta sau biyu na tsinci kalma huɗu. Sai na haɗiye girman kai na ɗauki laftof zuwa ɗakin malamai, wajen malamar Turanci, sa'ata ce, ita kaɗai ce ba ta ce kawo in gwada ba.

"Malama, karanta mini wannan. Kada ki taɓa komai, karantawa kawai."

Ta gyara tabarau tana taunar gyaɗa.

"Wai makullinka a sake yake. Kowa da ke amfani da kwamfutar nan zai iya karanta shi, don haka ba za a karɓe shi ba sai ka killace shi." Ta kalle ni ta saman tabarau. "Tun yaushe wannan yake nan?"

"Tun ƙarfe tara."

"Malam, wato tun safe ta faɗa maka ciwonta, kai kuma kana ta yi mata duka."

"Ni na ce ki yi mini wa'azi?"

"Kyauta ne, haɗe yake da fassarar."

Sai na gane. Filas ba ya riƙe ƙa'idar wane ne ya isa ya karanta fayil. Da na kwaso makullin ta cikinsa, ya iso sabon laftof a buɗe. Gyaran layi ɗaya ne, shi ma yana cikin littafin: ka ce mai shi kaɗai zai karanta. Na rubuta. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Saura toshewar. Tunda adireshin makaranta ne ya yi baƙin jini, sai in zo ta wani. Na cire laftof daga wayfay na jona shi da datar wayata. Amma makarantar tsohon gidan gado ce, katangar ƙasa mai kauri, sabis ba ya ratsa ta sai da roƙo. Na fita waje na zauna a bencin maigadi, gefen mai sayar da rake, na ɗora wayar a kan katanga. Maigadi ya matso.

"Baba, don Allah ka riƙe hannunka a aljihu."

"Kallo kawai zan yi."

"To da ido."

Na rubuta layin. Ba tambaya, ba Turanci, sai ga sunan saba ya fito tana jiran umarni. Ƙarfe biyu da kwata. Na jawo gyaran daga rumbu, na loda maki aji bayan aji, na buɗe a wayar maigadi don in tabbata. Jikarsa ta zo ta huɗu a aji biyu, ya ce lallai an yi mata coge, ta fi haka.

Da hankalina ya kwanta sai na buɗe rajistar da saba ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa. Ga nawa guda biyar na safe. Ga na taron ƙarfe goma. Daga nan sai wani suna ya fara jeruwa, biyar biyar, duk bayan rabin awa, har lokacin da muke sahu a masallaci. Sunan mataimaki ne. Ashe da ya kwafe layin ya tafi ofis ya rufe ƙofa, yana ta gwadawa a kwamfutarsa don ya riga ni shiga. Ya manta bai sa sunan shiga ba, kwamfutar kuwa ta riƙa miƙa nasa. Da mai tsaro ya buɗe, sai ya cika biyar a sake rufewa.

Wallahi na yi niyyar buga shi da manyan baƙi in manna a allon sanarwa. Ina cikin wannan daɗin Hajiya ta fito neman inda na shiga. Maigadi ya riga ni, ya miƙa mata waya. Ta duba, ta sake dubawa, ta zauna a ƙarshen bencin.

"To me ya faru tun safe?"

"Biyar ɗin farko nawa ne, Hajiya. An rubuto mini dalili ban karanta ba. Sauran kuwa taimako ne ya yi yawa."

Ban juya allon ba, amma ban rufe shi ba. Ta leƙa, ta bi sunan da yatsa har ƙasa, ta danne dariya da gefen mayafi.

"Ka bar wannan a wajena," in ji ta. Ta ciro waya ta kira ɗan ƙanenta a gabana ta ce ya yi zamansa, an gama. Sannan ta juyo. "Abin da ya faru yau ka rubuta shi a littafin nan da Hausa, yadda ko ni zan gane."

"In rubuta don wanda zai gaje ni ya ji daɗi?"

"Malam, in korarka zan yi ai ba sai na jira rubutunka ba. Ranar farko bayan hutu ka zo da wuri, akwai sababbin ɗalibai da za a sa a shafi."

Ta shiga ciki, na ji tana tambayar ko mataimaki yana ofis. Na sayi rake gaɓa biyu, ɗaya nawa ɗaya na maigadi, na aro biro a wajen mai raken na fara rubutu a kan cinyata.