Yadda Na Zama Malamin Dabbobi na Ƙarya

Ni mutumin Gwandu ne, kuma ɗan gidan mutunci. Mahaifina ɗinkin hula yake yi a zauren gidanmu, da safe kuma manya su zo su ɗauki karatu a wurinsa. Sunana ba zan faɗa ba, don 'yan'uwana sun sha kunya saboda ni, ba na son in ƙara musu. Ku matasa, musamman ku da ke manyan makarantu, ku nake so ku ji abin da ya same ni.

A shekarun da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ina kwalejin horon malamai. Ba na cikin masu ƙoƙari, ba na kuma cikin na ƙarshe. Abin da Allah ya ba ni shi ne kwaikwayo. In na ga mutum sau ɗaya, zan yi maka tafiyarsa da tarinsa da yadda yake ɗaga gira.

Shugaban kwalejin ya kawo wata al'ada. Ranar Alhamis bayan la'asar sai a tara mu a ɗakin taro, a gayyato wani ma'aikaci ya yi mana bayanin aikinsa. Yakan ce malamin da za a tura ƙauye dole ya san abin da ke bayan bangon aji, don yara za su tambaye shi. An kawo malamin gona, ya zuba mana takin zamani a tafin hannu. An kawo ma'aikacin gidan waya. Wata ungozomar asibiti ta zo, muka yi ta sunne kai don kunya, amma da ta fara ba da labarin matan da ake kawo mata a kan jaki bayan naƙuda ta yi tsawo, kowa ya ɗago kai yana saurare. Sufeton 'yan sanda ma ya zo, da 'yar sandarsa a hammata.

'Yan ajinmu sun amfana ƙwarai. Wani abokina ɗan Kambaza tun ranar malamin gona ya canja ra'ayi, daga baya aikin gona ya karanta. Wani kuma ya ce ranar ungozoma ya ƙudura sai ƙannensa mata sun yi makaranta. Ni kuwa a layin gaba nake zama, kowa na zaton na fi kowa saurare, alhali takalmin baƙo nake kallo, da agogonsa, da yadda yake jefa kalmar Turanci cikin Hausa. Da mun koma ɗaki sai in hau akwati in maimaita baƙon ranar, 'yan ɗakinmu su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da aka ba mu hutu na je tasha, kakina na makaranta ya sha guga. Sai kawai na ga na tsaya irin tsayuwar sufeton nan, na tambayi wani direba ko birkinsa na da kyau, na haɗa da Turanci. Jikin mutumin ya yi sanyi. Ya sa ni gidan gaba, ya ƙi karɓar komai a hannuna har Gwandu. A hanya ina ta tsoron kada ya gane ni, amma da na sauka wani irin daɗi na ji. Ranar na gane mutane tufafi da murya suke tsoro.

Bayan mun koma aka gayyato malamin dabbobi, wani dogon mutum mai tabarau. Ya zo da akwati, ya fito da wata ƙatuwar sirinji ta ƙarfe da gilashi wadda ake yi wa shanu rigakafi da ita, ya miƙa mana mu zagaya da ita. Ya daɗe yana magana. Ni dai na riƙe sunayen cututtuka na Turanci da yadda yake ɗaga sirinji sama ya ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ana kiran magariba aka tashi a gurguje, sirinjin kuwa tana hannuna, sai na tura ta cikin riga. Wallahi niyyata wasa ce, in yi kwaikwayo da ita a ɗaki. Amma da shugaba ya tara mu ya ce duk wanda aka kama da ita korarsa za a yi, tsoro ya hana ni mayarwa. Na binne ta a bayan ɗakin girki, ban tono ta ba sai ranar da zan bar makaranta.

Na faɗi jarrabawar ƙarshe. Na kasa gaya wa mahaifina, sai na ce masa an ɗauke ni aiki a ofishin dabbobi. Ya yi hamdala, ya sanar da abokan zamansa, ya ba ni kekensa ya ce aikin daji sai da abin hawa. Daga nan kullum safiya dole in fita da keke kamar mai zuwa aiki, ba ni kuwa da wurin zuwa.

Wata rana na zuba ruwa da gishiri da ɗan shuni a wata kwalbar asibiti, na sayi tabarau a kasuwa, na sa kakina na makaranta, na nufi wajen Dodoru. Shekarun fari ne, shanu duk sun rame, makiyaya na neman duk wanda zai ce musu ga magani. A ruga ta farko na ɗaga sirinji sama, na ƙwanƙwasa ta, na ambaci wata cuta da Turanci, sai ga dattawa suna riƙe mini shanu da kansu. Na dawo gida da man shanu da zabi. Kafin damina ta wuce an san ni a rugagen yankin, suna kirana Likita Mai Keke.

Wanda ya fi kowa yarda da ni shi ne Baffa Buba, wani dattijo mai babban garke kusa da Ceberu. In na je sai ya shimfiɗa mini buzunsa na salla. Matarsa, Inna Hajo, ta dama mini fura da kindirmo, ta ce in sha in ƙoshi, rana ta yi yawa a hanya. Babban ɗansu Sanda shi ke kayar mini da shanu, yana yi yana dariya. Nakan gaya wa kaina ruwan gishiri ba ya kashe saniya, ban cuci kowa ba.

Ranar da asiri ya tonu, tun daga nesa na hangi ungulaye suna shawagi a saman rugar. Da na matso wari ya tare ni. Na ga shanu kwance sun kumbura, jini na fita ta hancinsu, mata na tsaye da hannu a ka. Na ja birki a bayan wata sabara. Wani manomi da ke wucewa, wanda bai san ni ba, ya ba ni labari. Ya ce kwanakin baya ma'aikatan gwamnati sun zo rigakafi, Buba ya ce musu an riga an yi wa nasa, ya kora shanun daji don kada allura ta yi musu yawa. Yanzu ga ciwon saifa mai kashe shanu ya shigo. Ya ce an je ofis neman likitan, an ce ba su san wani mai keke ba. Ya kalli kekena, ya kalle ni. Na ce masa ni malamin makaranta ne, na juya.

Gida kawai na shiga na ɓoye sirinjin, na jingine keken, na ce wa mahaifiyata an tura ni rangadi. Na bi ta daji, ina kauce wa hanya, har na faɗa Kalgo. Na ƙone kakin, na aske kaina, na sami wani mai gonar shinkafa a fadama ya ɗauke ni ƙwadago, yana barina in kwana a zaurensa.

Ban taɓa sanin tsoro na iya zama abincin mutum ba sai a Kalgo. In na hangi mutum da sanda a kafaɗa da malfa a ka, sai in nutse cikin shinkafa har ya wuce. In saniya ta yi kuka, sai in waiga ina neman wurin ɓuya. A masallaci sahun baya nake tsayawa kusa da ƙofa, ina salla ina sauraren takun mutane. Maigidan ya taɓa tambayata ko wani ciwo ke cina, don ya ga ina ramewa. Na ce masa ciwon shawara ne.

Wata ranar kasuwa ya aike ni sayen igiya. Na so in ƙi, na rasa dalilin da zan bayar. Ina ratsa layin masu nono da kaina a ƙasa, sai na ji kamar ana kallona. Na ɗago, muka haɗa ido da Inna Hajo. Ta tsufa cikin ɗan lokacin nan, ƙwaryarta ma ƙarama ce, ba irin wadda na sani ba. Ba ta yi ihu ba. Ta dai ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar a hankali, ta miƙe ta shiga cikin mutane.

Na yi wajen tasha, na hango samari da sanduna sun tsaya a bakinta. Na juya ta wajen mahauta, nan ma ga wasu, ɗaya da takobi a rataye. Ba gudu suke yi ba, tafiya kawai suke yi suna matsowa. Na zubar da takalmina na ruga, ban tsaya ba sai a caji ofis. Na faɗi a gaban sajan na riƙe ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, don Allah ku rufe ni. Ni ɓarawo ne, ku rufe ni yanzu."

Ya fara dariya, yana zaton taɓin hankali ne, sai ya leƙa waje ya ga abin da ke tsaye. Nan da nan ya tura ni ciki ya sa kwaɗo. Ta 'yar taga na ga Baffa Buba ya iso, ya sa sandarsa ya tare gaban samarin. Ya ce wa sajan, "Ku riƙe shi da kyau. In kunka sake shi, ba ni iya hana su."

A gaban alƙali na ji sauran abin da ban sani ba. 'Yan sanda sun je gidanmu sun samo sirinjin. Aka kira shaida daga ofishin dabbobi, sai ga dogon mutumin nan mai tabarau. Ya gane kayansa, ya kuma gane ni. Ya ce ai ni ne mai zama a gaba, har ya gaya wa shugaban kwaleji a ranar cewa akwai wani ɗalibi da bai ɗauke ido daga kansa ba. Alƙali ya tambaye ni ko ina dafa allurar kafin in tashi daga wani garke zuwa wani. Na ce ban san ana dafawa ba. Malamin dabbobin ya ce da wannan ya fara jawabinsa a ranar, da shi kuma ya rufe. Ya bayyana wa kotu cewa cutar ta bi rugagen da na bi ne ɗaya bayan ɗaya, kuma allurar da ba a dafa ba tana iya ɗaukarta daga saniya zuwa saniya.

Sannan Baffa Buba ya tashi. Ya ce da shanu suka fara faɗuwa, Sanda ya feɗe wata don kada a yi asarar fata. Wani baƙin miki ya fito masa a wuya, wuyan ya kumbura, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya faɗi haka ba tare da ya kalle ni ba, ya zauna.

Aka yanke mini shekaru a gidan yari. Dukan da wahalar ba su ne suka fi damuna ba. Ina cikin yankan ciyawa da rana tsaka sai in ji dariyar Sanda a bayana, in juya ba kowa. Mahaifina ya zo sau ɗaya. Ya zauna, ya ce, "Cikin littattafaina ka ɓoye sirinjin." Ya tashi ya tafi. Daga baya na ji ya daina zama a zaure, masu ɗaukar karatu ma ya sallame su. A gidan yarin ne na koma ga Allah da gaske, na kuma koyi gyaran keke a hannun wani fursuna.

Da aka sake ni, kafin in shiga gidanmu Ceberu na nufa. Na tarar da Baffa Buba yana noman gero a gonar aro, ba ko ɗan maraƙi a bayan bukkarsa. Na durƙusa nesa da shi, na ce na zo neman gafara, in kuma kashe ni zai yi ba zan gudu ba. Ya jingina da fartanyarsa ya dube ni.

"Shanuna na yafe maka, don ni ma ina neman gafarar Allah," in ji shi. "Amma garken ba nawa ba ne ni ɗai. Akwai na marayun ƙanena a ciki. Sanda kuma ya bar mata da ɗiya ƙanana, danginta sun tafi da su kudu, ban san inda suke ba. Nasu ba ni da ikon yafe maka. Je ka neme su."

Na nema. Na sami ɗaya daga cikin marayun a Jega yana dako, ya saurare ni har na gama, ya ce ba yanzu ba. Matar Sanda da 'ya'yanta kuwa na bi kasuwannin shanu ina tambaya har ƙafata ta gaji, ban sami wanda ya san inda suka sauka ba. Yanzu ina gyaran keke a Kalgo, na tsufa, ba mai farautata. Amma tsoron bai tafi ba, wuri ya canja. A da sanduna nake tsoro, yanzu ranar da za a tsayar da ni gaban waɗannan yaran nake tsoro, a inda ba caji ofis ɗin da zan ruga.

'Ya'yana, in an kawo muku mai wani aiki ya tsaya a gabanku, ku saurari abin da yake gargaɗinku a kai, don a nan ran mutane yake. Kada ku ɗauki abin da ba naku ba ko da sunan wasa. In kun faɗi jarrabawa, ku je ku faɗa wa iyayenku da bakinku, ku sha faɗan yini guda. Kada kuma ku karɓi sunan aikin da ba ku iya ba, ko da mutane ne suka liƙa muku shi. Wanda duk ya san wata Bafillatana da mijinta Sanda ya rasu a Ceberu a shekarun fari, ko ya san 'ya'yanta, don Allah ya gaya musu akwai wani tsoho mai gyaran keke a Kalgo da ke jiransu, su zo su faɗa masa duk abin da suka ga dama.