Ranar Uku ga Azumi a Masaƙar Sharada

Ranar Litinin likita ya rubuta mini maganin barci. Na karanta takardar, na miƙa masa abarsa.

Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce labarin da tsawo. Fiye da shekara arba'in ban taɓa ba da shi ba. 'Ya'yana ma a nan za su fara jin sa.

Kafin in shiga aikin jarida, a wata masaƙa nake a Sharada, farkon shekarun 1980. Aikin karɓa-karɓa ne: mako guda safe, mako guda yamma, mako guda kwana. Kafin jiki ya saba da ɗaya an juya shi. In na taso aikin kwana na koma Na'ibawa, sai in kwanta ido biyu, rana na dukan kwano, ƙarar inji na cikin kaina.

Yaya Sabo, wanda injinsa ke kusa da nawa, shi ya nuna mini kemis ɗin bakin ƙofa. "Ƙwayar barci kobo goma ce, ɗan boko. Ka sha ka mutu, jiniya ta tashe ka."

Babu takardar likita, babu tambaya.

Da rabin ƙwaya na fara. Bayan shekara biyu huɗu nake sha, barcin kuwa bai ƙaru ba. Ga mantuwa, ga faɗa ba dalili. Matata Rabi ta ce, "Malam, sau uku ke nan kana yi mini tambayar nan tun safe."

Sai azumi ya zo. Al'adarmu ce a masaƙa, da an ga wata kowa ya ajiye wani abu, wani sigari, wani karta. Na juye ƙwayoyina a masai, ina ganin na yi jarumta.

Kwana biyu ban runtsa ba. Gumi, amai, ƙirji kamar ana daka. Na ce wahalar farkon azumi ce.

Ranar uku, bayan azahar, na faɗi ina jijjiga, taku ɗaya tsakanina da bel ɗin inji. Yaya Sabo ya fizgo ni. Aka cusa mini cokali a baki, a nan na bar haƙorina na gaba. Wasu suka ce farfaɗiya, wasu suka ce iska.

A asibiti aka sa mini ƙarin ruwa, aka ɗebi jini har sau biyu, ba a ga komai ba. Sai da Yaya Sabo ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da nake sha.

Likitan ya ce, "Shan ya cuce ka, amma dainawar ce ta kusa kashe ka. Wannan ba sigari ba ce."

Ya mayar da ni kan maganin. Na ji kamar ya zage ni.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gado. Kekena muka sayar muka biya kuɗin asibiti. Wata biyar ana rage mini kaɗan-kaɗan, kwalbar na hannun Rabi. Akwai ranar da na roƙe ta ƙarin rabi har da hawaye. Ta ce, "Ka sake ni in ka ga dama, amma ba zan ba ka ba."

Rabi, Allah ya saka miki. Yaya Sabo, Allah ya jiƙanka.

In kana sha kullum, kada ka yanke lokaci guda, ko da azumi ya kama. Je ka faɗa wa likita ainihin adadin. Wanda kuma ya faɗi yana jijjiga, kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe.

Yau mako uku barcina bai wuce awa biyu. Ina jin tsoro, don har yanzu na san daɗin ƙwayar nan.

Da likitan na ranar Litinin ya gama sauraro na, sai ya yaga takardar, ya ce a fara nemo dalili. Yana zargin wani abu ne a wuyana ke aiki fiye da kima, shi ke hana ni barci. An ɗebi jini. Sakamakon bai fito ba, sun ce sai Alhamis.